Tambaya kan kare lafiyar masu aiki da garin nano a ɗakin gwaji da masana'anta

Ɗalibar Kemistiri ta rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar malamai da ma'aikatan da suka san harkar fasahar nano, musamman ta fuskar lafiyar wanda yake taɓa kayan da hannunsa. Ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a arewacin Najeriya, kuma bincikena ya shafi haɗa ƙwayoyin nano na azurfa da na zink oksaid ta amfani da ruwan ganyen zogale da na darbejiya, irin aikin da ɗalibai da yawa suka rungumi yi a jami'o'inmu. Matakin farko duk a cikin ruwa ake yin sa, kuma bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ke biye da shi: mukan busar da abin da ya kwanta a cikin tanda, mu kankare shi daga jikin kwano, mu niƙa a ƙaramin turmi har ya zama gari, sannan mu auna a kan sikelin da ke buɗe a tsakiyar ɗaki, sau da yawa fanka tana juyawa a sama saboda zafi. Idan hasken rana ya ratso ta taga a lokacin niƙan, ido yana ganin ƙura tana tashi daga bakin turmin.

Akwatin zuƙe iska, wato akwatin mai gilashi da ake aiki a cikinsa yana janye ƙura da tururi zuwa waje, guda ɗaya muke da shi, shi ma sai an kawo wuta yake aiki. Takunkumin da muke sawa shi ne shuɗin nan na asibiti da ake saya a kemis. Akwai kuma wata dattijuwa da take share ɗakin da tsintsiya kowace safiya kafin mu iso. Da na nuna damuwata, sai aka ce mini tun da da ganye muka haɗa, babu wata illa. Ina so in san ko akwai hujjar ilimi da ta nuna irin wannan gari yana cutarwa, ko akwai iyakar da hukumomi suka sa, da kuma abin da za mu iya yi a wurin da babu kuɗin sayen manyan na'urori. Allah Ya saka da alheri.

Likitan Ma'aikata ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar cewa da ganye aka haɗa ba ta da tushe, domin aikin ganyen shi ne ya mayar da narkakken gishirin azurfa ya zama ƙwayar ƙarfe, kuma abin da kike niƙawa a ƙarshe azurfa ce ko zink oksaid, ba zogale ba. Huhu ba ya tambayar hanyar da aka bi aka samar da ƙurar da ta shige shi.

Abin da ya sa ake ware waɗannan kaya a yi musu kulawa ta daban shi ne girmansu. Ana kiran abu na nano idan faɗinsa yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100, alhali kaurin gashin mutum ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000. Idan aka ɗauki dunƙule mai tsawon santimita ɗaya ta kowane ɓangare, faɗin fuskokinsa shida bai wuce murabba'in santimita 6 ba, amma idan aka yayyanka shi zuwa gutsattsari masu nanomita 10, jimlar fuskokin za ta kai murabba'in mita 600, nauyin kuwa bai ƙaru ba. A kan wannan fuska ne abu yake haɗuwa da naman jiki, shi ya sa ɗan kaɗan na garin nano zai iya tayar da kumburin da garin da ya fi shi kauri ba zai tayar ba. Ƙura mai kauri hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta a fitar da ita da majina, amma mai ƙanƙanta tana iya kaiwa can ƙarshen huhu inda iska take haɗuwa da jini. Ƙurar da kike gani a hasken taga dunƙulallu ce, wadda ido ba ya gani ita ce take daɗewa a cikin iska. A shekarar 2004 Günter Oberdörster da abokan aikinsa a Jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna iya bin jijiyar shanshana daga hanci su isa wani sashe na ƙwaƙwalwa.

Wanda ya fi tayar wa masana hankali shi ne siraran bututun kabon, waɗanda ake sawa a batura da kayan roba don ƙara musu ƙarfi. A 2008 masu bincike a Edinburgh sun sa dogayen bututun a cikin cikin ɓeraye, suka ga sun haifar da irin kumburin da zaren asbesto, ma'adinin da aka daɗe ana sawa a kayan rufin gini, yake haifarwa, gajerun kuwa ba su yi haka ba. Dalili shi ne akwai ƙwayoyin halitta a huhu da aikinsu haɗiye datti, to idan zare ya yi musu tsawo kuma ya ƙi lanƙwasuwa, sai su kasa haɗiye shi, su yi ta zubar da sinadaran da ke ƙona naman da ke kewaye. A 2014 hukumar binciken ciwon daji ta IARC, wadda take ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa nau'i ɗaya na bututun, wanda ake kira MWCNT-7, a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa mutum ciwon daji. Darasin asbesto kuwa mai ɗaci ne, saboda cutarsa takan ɗauki shekaru 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, kuma kafin a gane an riga an binne ma'aikata masu yawa.

A jikin mutane, rahoton da aka fi ambato shi ne na 2009 daga wani asibiti a Beijing, inda mata 7 da suke fesa wani fenti mai ɗauke da ƙwayoyin nano a ɗakin da ba shi da taga, kuma injin zuƙe iskarsa ya lalace, suka kamu da ciwon huhu mai tsanani har ruwa ya taru musu a ƙirji, biyu daga cikinsu suka rasu. Wanda ya fi kusa da halin da kike ciki shi ne na wata masaniyar kemistiri mai shekaru 26 da aka wallafa a Amurka a 2014. Ita ma garin nano na ƙarfen nikel take aunawa a kan teburi a buɗe ba tare da kariya ba, sai ta fara fama da ƙaiƙayin maƙogwaro, toshewar hanci da ƙuraje, har jikinta ya daina jure nikel, ta kai ga ɗan kunnenta ma yana tayar mata da ƙaiƙayi.

Game da iyaka, cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiya da kariyar ma'aikata, ta fitar da shawarwari uku da ya kamata ki sani. A 2011 ta ce garin titaniyam dayoksaid na yau da kullum kada ya wuce miligiram 2.4 a cikin kubik mita ɗaya ta iska, na nano kuwa miligiram 0.3, wato kashi ɗaya cikin takwas, duk da sinadari ɗaya ne. A 2013 ta sa maikrogiram 1 a kubik mita ɗaya ta iska ga bututun kabon, a 2021 kuma ta sa maikrogiram 0.9 ga azurfar nano a aikin awa 8. Maikrogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, don haka idan har ido yana ganin ƙura a bakin turminki, akwai dalili mai ƙarfi na ɗauka cewa kusa da hancinki an wuce wannan iyaka. Azurfa idan ta taru a jiki tsawon lokaci tana iya mayar da fata da idanu ruwan toka, kuma launin ba ya komawa. Zink oksaid kuwa masu walda sun san shi tuntuni, domin shi ne yake sa musu zazzaɓi da ciwon jiki da daddare bayan sun yini suna ƙona ƙarfen da aka shafe da zink.

Injiniyan Masana'anta ya amsa:

Likita, na gode da wannan bayani, sai dai ina da ɗan gyara a kan labarin Beijing. Masana da dama sun ja hankali a kan cewa matan nan sun shaƙi tururin sinadarai iri-iri tare da hayaƙin roba mai zafi, kuma ba a auna iskar ɗakin ba, saboda haka ba za a iya ɗora laifin a kan ƙwayoyin nano su kaɗai ba. Ni abin da na ɗauka daga labarin shi ne ɗaki rufe, injin zuƙa a lalace, kuma aka ci gaba da aiki. Wannan ne ya kashe su ko da wane sinadari ne a cikin iskar, kuma wannan ne ya yi kama da abin da ƙanwarmu ta bayyana.

Ina aiki a wata masana'anta a Turai da take sarrafa garin nano don yin fenti, kuma tsarin da muke bi shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta nanata a jagorar da ta fitar a 2017: a fara da kawar da haɗarin daga tushe, idan bai yiwu ba a killace shi, sannan a tsara yadda ake aiki, takunkumi da safar hannu su zo a ƙarshe. Mutanenmu sukan juya tsarin, su fara da takunkumi su tsaya a nan.

Malama, tambayar farko da za ki yi wa kanki ita ce ko dole ne ki busar da kayan. Gwaje-gwaje da yawa, kamar na hasken da ke nuna samuwar azurfa da na kashe ƙwayoyin cuta a faranti, ana yin su ne da ruwan kai tsaye. Ƙwayar da take cikin ruwa ba ta tashi sama sai an fesa ta ko an girgiza ta da ƙarfi, shi ya sa idan za ki sa ruwan a injin girgiza mai sauti ki rufe bakin kwalbar, kuma bayan injin juyawa ya tsaya ki ɗan jinkirta kafin ki buɗe murfin. Inda gwajin ya buƙaci gari, ki busar da daidai abin da ake buƙata, ki bar kwanon ya huce a rufe, kuma ki ɗiga ɗan ruwa ko barasar ɗakin gwaji a turmin ki niƙa shi da danshi. Wajen awo, ki fara auna kwalbar da murfinta babu komai a ciki, ki kai ta cikin akwatin zuƙe iska ki zuba garin, ki rufe, ki goge jikinta da jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan ki dawo da ita kan sikeli. Ta haka gari ba zai taɓa buɗuwa a tsakiyar ɗaki ba, kuma wannan ba ya cin ko kwabo. Fanka kuwa a kashe ta muddin akwai gari a buɗe, duk zafin da ake yi.

Shi kansa akwatin zuƙe iska ba a sakankance da shi. Saurin iskar da ake so a bakinsa kusan rabin mita ne a daƙiƙa ɗaya, idan ya wuce haka sosai iskar takan yi juyi a gaban ƙirjin mai aiki ta kwaso garin ta fito da shi. Ki sauke gilashin ƙasa gwargwadon iko, ki yi aiki can ciki ba a bakin ƙofa ba, ki riƙa motsa hannu a hankali. Ki manna siririn tsinken takarda mai laushi a gefen gilashin, idan yana karkata ciki iska tana ja, idan ya tsaya cak ki rufe kayanki.

Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa ƙwayar nano ta yi ƙanƙantar da babu matatar da za ta tare ta. Matatar iska mai ƙarfi da ake kira HEPA tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta kai maikromita 0.3, wato nanomita 300, kuma waɗanda suka fi haka ƙanƙanta sosai sun fi sauƙin kamuwa, saboda ba sa tafiya a miƙe, kai-komo suke yi har su manne a jikin zaren matatar. Haka ma takunkumin N95 ko FFP3 yana aiki a kansu. Inda matsala take shi ne gefen fuska, domin iska takan bi ta inda ta sami kafa. Shuɗin takunkumin asibiti an yi shi ne don tare yawun mai sawa, gefensa a buɗe yake, bai dace da wannan aiki ba.

Batun dattijuwa mai shara shi ya fi damuna a cikin duk abin da kika faɗa. Garin da ya kwanta a ƙasa cikin dare, tsintsiya ce take sake tayar da shi, kuma ita take sunkuye a kansa ba tare da an taɓa gaya mata mene ne ba. A daina sharar busasshiyar ƙasa a wannan ɗaki tun daga gobe, a koma goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma, kuma teburin da aka yi aiki a kai wanda ya yi aikin ne zai goge shi kafin ya fita. Tsumman da safar hannun a ƙulle su a leda a rubuta abin da ke ciki, ruwan azurfa kuma kada a zuba shi a magudana, domin guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Malamai, Allah Ya ƙara basira. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wata kwalejin kimiyya, kuma ina so in ƙara abin da ba a ambata ba, wato abin da mutum yake kaiwa gida a jikin tufafinsa. Mu a wannan yanki ba ma buƙatar a kawo mana misali daga nesa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, kuma hanyar da ta bi ita ce ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje da wadda take maƙale a jikin masu aikin. Dalma daban, garin nano daban, amma hanyar shiga gida ɗaya ce. Ina ganin ɗalibai mata suna aiki da hijabin da suka zo da shi daga gida, gefensa yana shafar teburi, sannan su koma su goya yaro ko su shayar da shi a cikinsa. Shawarata ita ce kowace ta tanadi ƙaramin hijabi na aiki da za ta cusa cikin farar riga, ta bar su duka a ɗakin gwaji, kuma kada a haɗa wankinsu da na iyali. A lokacin hunturu kuma hannu yakan tsage, to fata mai lafiya tana tare mafi yawan waɗannan ƙwayoyi, amma mai tsaguwa ƙofa ce a buɗe, sai a rufe ciwon a sa safar hannu biyu.

Ina da tambaya ga Injiniya. Da yawa daga cikinmu muna da gemu, kuma ba za mu aske shi ba saboda sunna ce. Yaya matsayin takunkumin da ka ambata a wurinmu?

Injiniyan Masana'anta ya sake amsawa:

Malam, gaskiyar magana ita ce takunkumin da ya dogara da mannewa a fata ba ya kare mai gemu yadda ya kamata, ko da gemun gajere ne, domin gashi yana ɗaga gefensa iska ta shiga. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma ba sai an aske ba. Akwai hula mai rufe kai har kafaɗa wadda ƙaramin injin batir da ake ɗaurawa a ƙugu yake hura mata tatacciyar iska, ita ba ta buƙatar mannewa, kuma ita ake ba Musulmi da mabiya addinin Sikh masu gemu a asibitoci da masana'antun Ingila. Tana da tsada, amma guda ɗaya ta isa sashe ya riƙa amfani da ita a ranakun da ake buɗe gari mai yawa. Inda ba a samu ba, mai gemu ya ƙara tsananta killace garin, ya yi aikinsa a cikin rufaffen akwati mai safar hannu a jikinsa, wanda ko masu aikin gilashi da roba za su iya haɗa shi a gida idan an ba su zane.

Batun ɗauke wuta kuma ƙa'idarsa a fili take: ba a buɗe gari sai akwatin zuƙa yana kan janareta ko batirin da aka tabbatar zai kai ƙarshen aikin. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, a rufe kwalba, a sauke gilashi, a fita.

Ɗalibar Kemistiri ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina. Zan kai wa shugaban sashe waɗannan shawarwari a rubuce, na kuma riga na yi wa dattijuwa mai shara bayani da bakina. Saura abu ɗaya, Likita: shin akwai gwajin asibiti da ya kamata mu yi, mu da muka riga muka daɗe muna shaƙar wannan gari, kuma akwai dokar ƙasa da zan jingina da ita idan na je gaban shugabanni?

Likitan Ma'aikata ya sake amsawa:

Malama, jagorar 2017 da Injiniya ya ambata ba ta ba da shawarar wani gwaji na musamman don kayan nano ba, ta bar ma'aikata a kan irin binciken lafiyar da aka saba yi wa masu aiki cikin ƙura. Saboda haka abin da ya dace shi ne ku je asibitin koyarwa mafi kusa a yi muku gwajin ƙarfin numfashi, wanda ake hura iska a cikin na'ura, a ajiye sakamakon don a riƙa kwatantawa da na shekaru masu zuwa. Duk wanda yake da asma, ko mai juna biyu, ko wanda ya lura tari da toshewar hanci suna taso masa a ranakun aiki su lafa a ƙarshen mako, ya gaya wa likita ainihin abin da yake taɓawa da sunansa, kuma ya dakata da aikin gari har a duba shi. Ku haɗa da dattijuwar nan a cikin waɗanda za a gwada, don mai yiwuwa ta fi ku duka shaƙa.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya kare ma'aikata daga ƙura da hayaƙi masu cutarwa, sai dai an rubuta ta kafin wannan fasaha ta yaɗu, babu iyakar kayan nano a cikinta. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take gudanarwa, ta haɗa da cututtukan da ake ɗauka a wurin aiki, amma a kan ma'aikata take magana, kuma diyya ba ta samuwa sai an iya danganta cutar da aikin. Wannan ya sa nake roƙonki ki nemi sashenku ya buɗe littafi na musamman, a riƙa rubuta sunan wanda ya yi aiki, irin garin, nauyinsa, ranar, tsawon lokacin, da ko akwatin zuƙa yana aiki a ranar. A sa wa kowace kwalba takarda mai nuna cewa garin nano ne, kuma littafin ya zauna a ofishin sashe ko bayan kun kammala karatu, a ba kowane ɗalibi kwafin shafukan da suka shafe shi ranar da zai tafi.